Mannir Kamasho a Bikin Bungudu

Allah ya isa tsakaninmu da wanda ya sa aka ɗora wa Mannir farar hular masu girki. Ba zan kama suna ba, ya san kansa. Shi ya ɗauko mutumin da ya yi furfura yana kamasho a tashar Gusau, ya kai shi gaban Hajiya Mansura mai girkin bukukuwa, ya rantse mata cewa ya nitsu. Mu 'yan tasha, yaushe muka taɓa nitsuwa?

"Hajiya," in ji Mannir yana dukan ƙirji, "ni da na loda tumaki da buhunan gero da tsohuwa mai jiri a mota guda, ba wanda ya faɗo, rabon shinkafa ne zai gagare ni? Wanga aiki ai hutu na zo yi."

Hajiya ta dube shi sama da ƙasa. "Bikin Bungudu gwaji ne. In an yaba, ka zauna. In an yi ƙorafi, ka ajiye mini hulata. Dangin ango na tafe daga Tsafe, su za ka fara ba."

Ga shi kuwa gogan ya riga ya yi wa tasha bankwanan rashin mutunci, har ya ce ko gawarsa kada a bi da ita ta ƙofar wurin. Wajen komawa babu.

Ranar biki aka jera tebura a ƙarƙashin rumfa, ga kuloli cike da shinkafa da kaji. Hajiya ta shiga cikin gida wajen mata, ta bar shi da maza. Mannir ya tsaya riƙe da cokalin zuba abinci kamar sandar sarauta. Sai ya hango tebur mai kujera takwas, dattawa uku kacal a kai. Jininsa ya tafasa.

"Malam, a zubo mana mana," in ji Alhaji Sahabi, uban ango.

"Haƙuri, Alhaji. Bai cika ba."

"Mi ne bai cika ba?"

"Teburin. Ina aka taɓa tashi da kujera biyar ba kowa? Asara ke nan!"

Can ƙarshen rumfa ya ga wani zaune shi kaɗai, kai a sunkuye. Bashar ne, mijin ɗiyar Alhaji, ya yi nesa ne saboda kunyar suruki. Mannir ya cafko hannun babbar rigarsa, ya jawo shi ƙiiii, ya dasa shi kafaɗa da kafaɗa da surukinsa.

"Matsa, Alhaji, a gyara zama! Kai kuma kunyar me kake, ba ku san juna ba ne?"

Bashar ya zabura da gudu, ya bar takalmi ƙafa ɗaya.

Da Mannir ya ga 'yan biki ba su san darajar lodi ba, sai ya fita bakin titi ya buɗe maƙogwaro: "Shinkafa da kaza! Shinkafa da kaza! Saura mutum ɗaya a tashi!"

Kafin ka ce me, 'yan acaba sun ajiye babura, mai yankan farce ya rufe jaka, mai rake ya bar wa Allah baronsa. Ba wanda ya yarda ya zauna da dattawa, sai suka cika teburan baya maƙil, wasu bisa cinyar wasu.

"Yauwa! Ga mutanen kirki!" Ya shiga zuba musu ba ƙaƙƙautawa, har da ƙari.

Alhaji Sahabi ya taso, cikinsa na ƙugi, ya leƙa kula. Ko ƙwayar shinkafa babu.

"Namu fa?"

"Alhaji, wannan ta tashi. Sai dai ka jira ta gaba."

Dangin ango suka kaɗa riguna suka koma Tsafe da yunwarsu. Hajiya Mansura ta fito da ludayi, ta fizge hularta, ta bi shi har titi. Su kuwa 'yan gayyar soɗi, baki duk maiƙo, suka ɗaga shi sama suna tambaya: "Maigida, ina za mu yi lodi mako mai zuwa?"

Tun daga ranar, duk inda Mannir ya nufa da sabuwar riga, ayarin babura na biye da shi. Masu girki ba su ɗaukarsa, masu biki ɓoye masa rana suke. Auren ƙanwarsa Hauwa'u ma, uwa ɗaya uba ɗaya, sai da aka kai amarya aka wanke tukwane sannan aka sanar da shi.

Wanda ya ce sharri na yi masa, bismillah, ya gayyace shi bikinsa.