Ranar da Na Kira wa Kwamfuta Gayya

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na yi sa-in-sa da kwamfuta a gaban baƙi. Har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci, kuma rabin haushin kaina nake ji.

Muna karatun gine-gine ne a Gusau, ba a daɗe da ba mu jiha ba. Malam Haruna, mai koya mana ƙiyasin kuɗin gini, ya samo wata kwamfuta da ake lulluɓewa da zane kamar amarya. A cikinta akwai wani shiri: ka zuba ƙiyasinka na siminti da bulo da lebura, sai ta nuna maka fili da 'yan mutane suna aiki, wata na bin wata, har ginin ya kammala ko kuɗinka su ƙare.

Sai aka ce wani ɗan kwangila, Alhaji Mamman, zai gina azuzuwa a Tsafe, kuma zai ɗauki ɗalibi ɗaya ya koyi aiki, har da alawus. Wanda ƙiyasinsa ya fi arha, kuma ginin ya kammala a kwamfuta, shi ke da gurbin. Ni kuwa idan na rasa, sai noman hutu a ƙauyenmu na wajen Bungudu, bayan na riga na cika baki a gida cewa na yi sallama da fartanya.

Sai dabara ta faɗo mini (Allah wadaran wannan dabara). A garinmu wa ke biyan lebura? Gayya ake kira, samari su kwaɓa ƙasa, a ci tuwo, a watse. Don haka a gurbin kuɗin lebura na sa sifili. A gurbin sauran buƙatu na sa fura da goro da makaɗi. Na riƙa kallon 'yan ajinmu ina tausaya musu.

Ranar gwaji aka tayar da janareta, Alhaji ya zauna a gaba. Da aka karanto jimilla, tawa ce mafi arha nesa ba kusa ba. Na taso ina taku ɗaiɗai, na danna maɓalli.

'Yan mutanen nan suka fito fili, suka tsaya cirko-cirko, sannan suka juya suka fice ɗaya bayan ɗaya. Ko tushe ba su haƙa ba. Watanni suka yi ta wucewa, damina ta sauka, simintina ya daskare a fili. Aji ya kwashe da dariya.

Mai hankali sai ya koma ya zauna. Ni kuwa zuciya ta ɗebe ni, na buga tebur na dubi kwamfutar ido cikin ido.

"Ƙarya kike! Wanda ya ƙera ki bai san gayya ba! Masallacin garinmu da gayya munka gina shi!"

Malam Haruna ya ce, "Kai, natsu, ba ta jin Hausa."

"To ta koya, Malam! Ƙasarmu ta zo!"

(Wallahi har da nuna ta da yatsa.)

Alhaji ya bari na gama huci, sannan ya gyara hula ya ce, "Wanga yaro ya burge ni. Na ɗauke ka. Amma tunda gayya za mu yi, babu alawus. Fura da goro dai ba ka rasa su."

Aji ya sake kwashewa da dariya, ashe ba'a yake mini. Na tsaya ina zufa, har mai gadi ya leƙo ta taga don jin abin da ake wa dariya. Gurbin dai wani ɗan ajinmu Sanusi ya samu, wanda bai yi wata dabara ba sai biyan leburori haƙƙinsu. Ni na koma gona da sabon suna, Sarkin Gayya, kuma sunan ya riga ni isa gida.

Na yi shekaru ina cewa kwamfutar ce jahila. Da na tashi gina ɗakina a Gusau, na ce yau zan ƙaryata ta. Na kira gayya, na sa aka dama fura cike da roba. Mutum biyu suka zo. Ɗaya ya sha ya tafi, ɗayan ya goge baki ya ce, "Malam, nawa kake biya yini?"

Tun daga ranar, lebura nake fara sakawa a kowane ƙiyasi. Kwamfutar kuwa ban yafe mata ba, don ba abin da ya fi ciwo kamar abokin faɗanka ya zama shi ke da gaskiya.