Ranar da Na Ɗauki Ɗan Wani a Gidan Surukaina

Ba zan taɓa mantawa da bikin ƙanwar matata a Gwiwa ba, kuma ko na so in manta, surukaina ba za su bari ba.

Lokacin ban daɗe da fara tuƙin tirela ba, a wurin wani Alhaji na Babura mai safarar shanu da hatsi zuwa kudu. A sana'ar nan sabon direba ba shi da baki. Manya su zaɓi hanyar kusa, kai a tura ka Legas, ka sauke, ka yi mako biyu kana kwana a ƙarƙashin mota kana jiran lodin dawowa. Albashin bai taka kara ya karya ba, kuɗin hanya ne ke rufa asiri, shi kuwa sai kana bisa titi. Saboda haka hutu ko an ba ka, kai ne za ka ce a bari tukuna.

Kwana uku da sunan 'yarmu ta fari na bar Roni, ban sake taka gida ba sai bayan wata huɗu. Sau biyu ina ratsa Kazaure da lodi, ina hangen duwatsun garinmu, amma babu halin tsayawa. Iyakar sanin da na yi wa 'yar tawa Ummi shi ne hotunan da matata Hadiza ke turo mini (wayata kuwa gilashinta ya tsage, ko hoton Alhaji ka buɗe sai ka ga jariri).

Ranar bikin na iso da sabuwar shadda, ina ta baza turare don ya danne warin dizal. Aka yi mini iso in gaida surukata, Inna. Na durƙusa a tsakar gida cike da mata, muna cikin gaisawa sai idona ya faɗa kan wata tabarma kusa da Hadiza, jarirai uku a kwance. Na tsakiyar mai kumatu ne, da hanci irin nawa sak.

Kowa ya san ba a ɗaukar ɗan fari a gaban surukai, balle gidan Fulani irin nasu, inda uwa ko kallon nata ba ta yi a cikin mutane. Na sani sarai. Amma kewa ta fi ƙarfina. Na miƙa hannu na sure jaririn, na rungume, ina cilla shi sama, har ina faɗa wa mata cewa duk a hanya wannan fuskar nake gani (Allah Ya yafe mini).

Matan suka zuba mini ido. Ni na zaci rashin kunyata ce ta ba su mamaki, na ce a raina yau dai sai haƙuri. Hadiza ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi. Ashe so take ta gaya mini, amma ta yaya za ta nuna 'yar fari a gaban mahaifiyarta ta ce ga tawa? Haka aka bar ni, har na ciro 'yan kunnen da na sayo a Legas na fara laluben huda a kunnen da ba a huda ba.

Sai wata baiwar Allah ta matso a hankali ta ce, “Malam, a ba ni ɗana in shayar da shi.”

Na so ƙasa ta tsage in shige. Wata ta fara dariya a cikin mayafi, sauran suka ɗauka. Inna ce kaɗai ba ta yi ba. Ta kwance goyon da ke bayanta tun shigowata, ta miƙo mini wata 'yar siririya mai manyan idanu. Yarinyar ta dube ni kamar mai allura, ta callara kuka tana miƙa hannu ga kakarta. Wannan ya fi dariyar yi mini ciwo, har hawaye ya zo mini.

“Kada ka mayar da ita,” in ji Inna. “Hanya ce ta raba ku. Zauna nan har ta san ka.”

Haka na wuni a tsakiyar mata, angwaye na can waje suna cin shinkafa, ni ina jijjiga da waƙar da ban iya ba. Wajen la'asar ta gaji, ta kama wuyan rigata ta yi barci.

Washegari na je Babura na roƙi Alhaji kwana huɗu a gida duk wata, ko da kuɗin hanyata zai ragu. Labarin ya riga ni isa. Alhaji ya yi dariya har da tari, ya ba ni uku.

Aljihuna ya yi sauƙi tun daga nan, ban kuma yi da-na-sani ba. Na gane cewa duk hanyar da direba zai haddace, ya fara da fuskar 'ya'yansa. Yaron nan da na ɗauka kuwa yanzu ya shiga firamare, kuma har yau in na je Gwiwa sai a turo shi ya gaida babansa.