Ranar da na tsallake 'yan fari

Ni ne fa na hana kowa sakat a biro, wato ofishinmu. Kowane taro sai na buga tebur: "A daina aiki da ka! A tambaya, a ƙirga!" Da ƙungiyarmu ta tashi raba wa yara gidan sauro a wani ƙauye wajen Gaffati, na ce ni zan ƙirgo su da kaina.

Ko tabarma ban zauna ba. Gida-gida nake bi, waya a hannu: "Inna, faɗo sunayen 'ya'yanki, maza!" Su faɗa, in danna, in wuce. Kafin la'asar na dawo Damagaram ina hura hanci.

Ranar rabo kaya suka ƙare, ga yara tsaye cirko-cirko, kusan ɗaya daga kowane gida. Shugabarmu ta dube su, ta dube ni.

"Malam, wace uwa ka taɓa ji ta kama sunan ɗanta na fari?"

Ni kuwa ɗan fari ne. Har gobe "wannan yaron" uwata take ce mini.

Yanzu ko shayi ake rabawa a biro, sai a tsallake ni: "Haƙuri, ba ka cikin lissafi."