Kwanon da Ke Tsakiyar Tebur

Ba zan taɓa mantawa da yammacin Juma'ar da na je ɗanɗanon wiski a Germantown ba, ko da yake na yi ƙoƙarin mantawa iya ƙarfina. Lokacin ina sabon zuwa Amurka, ina aikin jinya a wani asibiti, matata da 'yata suna Jos suna jiran takardu. Daga aiki sai ɗaki, daga ɗaki sai coci. A cocin ma da an idar da sujada kowa zai nufi motarsa kamar an biyo shi. Kaɗaici ya ishe ni, har na koma jan mai kantin unguwarmu da hira (bawan Allah, da ya hango ni sai ya kama goge abin da ba shi da datti).

Ana nan sai wani Bature abokin aikina, Alan, mai ɗaukar hoton ƙashi, ya ce suna da 'yar ƙungiya. Duk wata sukan taru a gidansa su ɗanɗana wiskin Sikotilan, irin wanda suke kira singul molt, wato na tsiron sha'ir zalla da aka dafa a gida guda. Ƙa'idarsu ita ce kada a kawo mai tsada. Kowa ya ɗanɗana, ya faɗi abin da ya ji, ya ba da maki. Ya ce wani ya yi ƙaura, kujera ɗaya ta rage, in zo su gan ni.

Ni ba mashayi ba ne. Amma da na ji maza suna zama wuri ɗaya ba don aiki ba, sai zuciyata ta tafi ƙauyenmu a ƙasar Pankshin, inda bayan gayya ake zama ƙarƙashin ɗorawa da tukunyar burukutu. Kujerar nan nake so, ko ruwan kwata za a sha a kanta.

Don haka na shiga karatu kamar mai shirin jarrabawa. Na bi shafukan masu sharhin wiski a intanet ina hadda. Wannan yana ƙamshin zuma, wancan na tuffa, wani kuma wai na igiyar jirgin ruwa da ta jiƙe (har yau ban san wanda ya fara lasar igiyar ba). Ina tuƙi ina maimaitawa, ina wanka ina ba sabulu maki.

Ranar da za a yi, cunkoson motoci ya riƙe ni a kan babbar hanya mai lamba 270, na isa an yi nisa. Na tarar da maza a kewaye da tebur, kowa da 'yar tambulan mai siririn baki, a tsakiya kuma ga wani faffaɗan kwanon katako. Alan ya gabatar da ni, ya nuna mini kujera. Ina zama sai na ga na kusa da ni ya juye ragowar abin da ke tambulansa a kwanon. Na gaba da shi ma ya juye. Haka suka yi ɗaya bayan ɗaya. Alan kuma, da zai buɗe sabuwar kwalba, ya ture kwanon gefe, ya zo daidai gabana.

To, a garinmu idan mutum ya zo a makare, ba a barinsa ya zauna hannu wofi. Kowa zai ɗiga kaɗan daga ƙwaryarsa a cikin ƙwarya ɗaya, a tura masa, shi ne rabon baƙo. Ga kuma ƙamshin da ke tashi daga kwanon, hayaƙin itace da tsiron hatsi, sak na bayan ɗakin Goggo Saratu, ƙanwar babana, ranar da take dahuwar burukutu. Idanuna suka cika da ƙwalla. Na ce a raina, ashe Turawan nan ma sun san zumunci, an daɗe ana yi musu ƙazafi.

Na miƙe tsaye, na ɗauki kwanon da hannu biyu, na ɗan rusuna wa mafi tsufa a cikinsu, na kafa kai. Na sha sosai, irin shan da ba zai sa a ce na raina kyauta ba. Maƙogwarona ya kama da wuta amma na daure. Na goge bakin kwanon da tafin hannu, na miƙa wa na damana.

Bai karɓa ba. Ya ja kujerarsa baya.

Da na ji wurin ya yi tsit, sai na ɗauka sharhi suke jira. Na gyara murya na ce, "Akwai hayaƙi, akwai zuma, ga kuma ɗan tuffa daga ƙarshe. Na ba shi tara."

Alan ya dafa kafaɗata, fuskarsa ta yi ja wur. Ya ce a hankali, "Abokina, nan muke zubar da ragowa da ruwan ɗauraye tambulan."

Tsohon da na rusuna wa ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta, ya ce, "Ka yi haƙuri. Likita ya hana ni haɗiya. Ni tofarwa nake yi."

Da ƙasa ta tsage a lokacin, da ban tsaya neman takalmina ba. Wani ya fara dariya, sauran suka kama, ni ma na bi su ina yaƙe.

Washegari na kira Kawu Danjuma, dattijon garinmu da ke tuƙa tasi a Beltsville, na ba shi labari. Ya yi dariya har sai da ya faka mota.

"Kai yaro! Duk digirin naka? Matambayi ai ba ya ɓata. Yanzu yawun Bature ka sha, har da ba shi maki?"

"Kawu, na ɗauka rabon baƙo ne."

Sai dariyar ta tsaya. Ina jin ƙarar motoci suna wucewa. Can ya ce, "Rabon baƙo. Rabona da jin wannan tun kafin a haife ka. Da hannu biyu ka ɗauka?"

"Da hannu biyu, Kawu."

"To, madalla. Ba ka zubar da mu ba."

Kujerar dai na same ta, don Alan ya ce ba a taɓa yin zama mai daɗi irin wannan ba. Na yi shekaru ina zuwa, har matata ta iso ta tarar da ni ina shinshina tambulan kamar mai neman ɓera. Yanzu na san mai hayaƙi da mai zaƙi, na san mai araha da ya fi mai tsada, na kuma koyi cewa mai kewar gida ya riƙa tambaya kafin ya kai abu baki. Amma in za a bi gaskiya, duk kwalaben da muka buɗe kowa a tambulansa ya sha nasa. Sau ɗaya tak na sha abin da kowa ya sa nasa a ciki a ƙasar nan, shi ma ashe na zubarwa ne.