Saurayin Ƙanwar Dodo

Wani ne a wajenmu nan Ƙafin Maiyaki, ba zan kama suna ba. Ko na so ma ba zan iya ba, don duk sati sai ya sake sunan waƙa. Ɗan hip-hop ne, irin namu na bayan fage, waɗanda rediyo ba ta san da mu ba, iyayenmu kuma gara kada su sani. Waƙoƙinsa tara, masu saurarensa uku, har da shi a lissafin.

Yana neman wata yarinya, Husna. Duk ranar zance sai ya ari farin kambas ɗin Gwadabe mai gyaran waya, ya sayi biskit leda ɗaya ya tafi. Ana hira yana kai hannu, kafin a yi sallama leda ta rame.

Rannan Husna ta ce masa, "Malam, kullum kai ne sarkin baki, amma ban taɓa jin ka kayar da kowa ba. Ka yi nasara a karon waƙa ɗaya tak in gani a waya, sai ka turo manya. In ba haka ba, kowa ya kama gabansa."

Karo kuwa ni nake shirya shi, ni nake gabatarwa, daga nan har Doguwa babu mai riƙe taro kamata. Ranar kasuwa bayan la'asar muke yi, a gidan kallon ƙwallon Ɗanjuma. Mu haɗa benci huɗu mu ɗora katako, dandamali ya samu. A tayar da janareto, a saki kiɗa, mutum biyu su hau, kowa ya wanke ɗan'uwansa da baiti. Wanda aka fi yi wa ihu ya ɗauki zakara. Zakara na gaske, mai cara.

Dama ina da ƙullin mutumin nan. Ya taɓa saka ni a waƙa, wai na gudu daga aji uku. Ƙarya yake, aji huɗu ne, kuma ba gudu na yi ba, a hankali na tafi. Sai na haɗa shi da Dodon Falgore.

Dodo ba ya hawa dandamali sai da hular sanyi da takunkumi, don in babansa ya ji labari kashinsa ya bushe. A Tudun Wada yake ɗinki, sai ranar kasuwa yake leƙowa. Kowa ya san Isa ne, yayan Husna uwa ɗaya uba ɗaya. Mutum biyu ne kawai ba su sani ba: babansa da mutuminmu.

Ana saura kwana uku mutumin ya same ni a rumfar mai shayi.

"Mutumina, don Allah ka ba ni sirrin Dodon nan. Ta ina zan soke shi?"

Na ce, "Dodo ba shi da aibi. Amma yana da ƙanwa, ita kuma tana da wani saurayi, shi ne abin kunyar gidansu. Ka taɓa wannan ka gama da shi."

Ya zaro littafi. "Yaya yake?"

"Da takalmin aro yake zuwa zance."

"Subhanallahi! Ni ma nakan ara, amma ni na amini nake ara. Sai me?"

"Ya kai biskit, ya zauna ya cinye rabi."

"Kai, akwai mayunwata a duniya! Ai ɗanɗanawa ake yi."

"Babur kuwa, daga bakin kasuwa yake kashewa ya tura. Sai ya hango ƙofar gidan ya hau, ya tayar, ya danna hon."

Ya ajiye biro. Na ce a raina shi ke nan ya gane. Can sai ya girgiza kai ya ce, "Ashe har an fara kwaikwayona. Zai ci ubansa."

Ranar karo rumfa ta cika maƙil. 'Yan acaba sun jingine babura, masu awon masara sun rufe buhu sun taho, har da wasu samarin Fulani daga wajen Falgore da sandunansu. Mutumin ya iso da baƙin gilashi da farin kambas, wai takalmin sa'a ne. Na ce shi zai fara. Kiɗa ya tashi, ya fizge makirfo:

"Dodo, kana ta cika baki a fili,
Mai neman ƙanwarka ba shi da hali,
Takalmin aro, a ciki an cusa kwali,
Biskit ya kai, ya cinye babu dalili!"

Wallahi maganar kwalin nan ni ban gaya masa ba. Shi ya ƙara daga iliminsa.

Rumfa ta ɗauki ihu. Gwadabe yana layin gaba da silifas, yana nuna takalmin da yatsa, dariya ta hana shi magana. Mutumin ya ga ana nuna ƙafarsa, ya ɗauka rawarsa ce ta burge, sai ya ƙara ɗaga ta sama.

"Babur ba mai, turawa yake da gumi,
Yarinya ki farka, kin kusa faɗawa rami,
Sallame shi yau tun miyarki ba ta yi tsami!"

Ya miƙa makirfo wajen jama'a. "Ta kore shi ko kar ta kore shi?"

"Ta kore shi!"

"Ban ji ba!"

"Ta kore shi!"

Har kwanon rufin yana amsawa. Ɗanjuma ya faɗo daga kan kujera. Zakaran ma da ke ɗaure a gefe sai da ya yi cara.

Na miƙa wa Dodo makirfo. Ya sa aka kashe kiɗa. Ya ce, "Jama'a, na sallama. Wata shida ina neman yadda zan faɗi maganar nan a gida ban iya ba. Ɗan'uwa, Allah ya saka da alheri. Wanda ya ɗauka a waya ya turo min yanzu."

Aka ɗaga mutumin sama. Ya rungume ni har da ƙwalla, wai in yafe masa, aji huɗun ne.

Washegari da yamma ya rungumi zakara, ya tura babur har kwanar gidan su Husna, ya hau, ya tayar, ya danna hon. Ta fito da waya a hannu.

"Barka da yamma, gimbiya. Kin gani?"

"Na gani, sau uku ma. Yaya Isa ne ya turo min."

"Har ta kai Tudun Wada? To yaushe zan turo manya?"

"Ai waƙarka ta buɗe min ido, Malam. Wannan saurayin ba mijin aure ba ne. Na kore shi."

Ya zaro ido. "Au, ke ma kina da irinsa? Wane ne? Ina yake, in je in ƙara masa baiti biyu?"

Ta karɓi zakaran ta saƙale a hammata, ta juya za ta shiga gida, ta ce, "Ba nisa. Bi takalmin Gwadabe, duk inda ya tsaya, shi ne."