Shuɗiya Ta Rasu a Makon Fitar da Shara

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, da wani abu a ƙasansa da ya fi kama da fushi, Athol Pengilly na layin bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, har da maƙwabta masu leƙe ta labule, rasuwar Shuɗiya, kular ƙanƙarar gidansa. Ajali ya riske ta ranar Talata da hantsi a bakin titi, cikin makon fitar da manyan tarkace. Ta rasu tana da shekara arba'in da ɗoriya. Ba ta yi jinya ba. Duk wanda ya ce dama ta tsufa ta ruɓe, ƙarya yake yi, kuma an san sunansa, za a zo kansa.

Marigayiyar ja ce jawur tun daga murfi har gindi, shi ya sa matar gidan, Merle, ta raɗa mata Shuɗiya, yadda ake yi wa duk mai jan gashi a ƙasar nan don zolaya. A garin Horsham aka sayo ta, shekarar da aka haifi Raelene, 'yarsu tilo. Tun daga nan babu kakar da aka yi ba tare da ita ba. Da an wuce hutun Ista, 'yan makaranta sun koma aji, ganyen bakin hanya ya fara ja yana zuba, sai Athol ya ɗauki hutu daga aikin layin dogo, a ɗora ta a bayan mota a kama hanya. Ba sa bin bakin teku, can na masu son cunkoso ne da biyan kuɗin ajiye mota. Su cikin ƙasa suke nausawa, ta gonakin alkamar da aka girbe, Avoca, Rupanyup, Minyip, Jeparit, garuruwan da titinsu ɗaya ne, mashayarsu ɗaya, bankinsu ya rufe tun tuni ya koma shagon tsofaffin kwanuka.

A duk tsawon hidimarta ba ta taɓa barin man shanu ya narke ba. Ta riƙe burodi da naman rago, ta riƙe madarar shayi da giyar Athol gwangwani biyu, ba ta taɓa faɗa wa Merle cewa wani lokacin uku ne ba. Ta yi aikin tebur, ta yi aikin kujera. Wata shekara Merle ta taka ta ta tsinko tuffa ta saman shingen wani manomi, manomin ya fito da faɗa, ya ƙare a zaune a kan murfinta yana shan shayi yana kukan farashin ulu. Lotsawar da ke gefenta na hagu kuwa ta samo ta ne ranar da mota ta faɗa rami kusa da garin Rainbow, kuma ko ƙwai ɗaya bai fashe a cikinta ba.

Aibinta ɗaya, in ma aibi ne, murya. Ƙarfen mahaɗin murfinta ya yi tsatsa tun tana yarinya. In an ɗaga sai ta ce ƙiiiiiii, ta ja shi kamar mai ƙorafi, in murfin ya kai ƙarshe ta ce ƙat. Sau ɗaya Athol ya zo da gwangwanin mai zai ɗiga mata, Merle ta buge masa hannu.

"Ka bar mata muryarta," in ji ta. "Kai wa ya sa wa taka mai, da kake minshari shekara da shekaru?"

Bai sake gwadawa ba, kuma yau yana gode wa Allah da bai yi ba.

Masu zuwa gidan sun san halin da Merle ke ciki, ba sai an ɓoye ba. Ciwon mantuwa ya fara da makullai, ya cinye sunayen maƙwabta, ya cinye na jikoki, bara kuma ya iso kan Athol. Takan dube shi da safe da ladabi, irin kallon da ake yi wa mai karanta mita. Amma akwai abu ɗaya da ciwon ya kasa taɓawa. Duk sanda murfin Shuɗiya ya ce ƙiiiiiii ƙat, sai ta ɗago kai, idonta ya dawo gida, ta ce, "Mun tsaya ne, Athol? Miƙo min madarar." Daga nan yakan same ta na ɗan lokaci, gwargwadon shan shayi kofi ɗaya, wani sa'in har ta zage shi a kan hularsa. Likita ya ba abin wani dogon suna. Athol bai damu da sunan ba, shi dai ya san ko a tsakar gida ya buɗe kular, matarsa takan dawo.

An riga an yanke cewa in hunturu ya kama, Merle za ta koma gidan kula da tsofaffi. Raelene ce ta tsaya a kan maganar, kuma Athol bai ce ta yi ƙarya ba, shi ma gwiwarsa ta gaji, tsohuwar kuma ta fara fita titi da rigar barci. Ya yarda, amma da sharaɗin a bar masa kakar bana. Tun watan Fabrairu ya baza taswira a teburin kicin yana bin hanyoyin da yatsa. Ya cire duk wata doguwar tafiya. Ya nemi inda akwai inuwa da banɗaki, ya tsara su riƙa sauka tun rana na sama saboda kangaru masu tsalle gaban mota da almuru. Wanda ya gan shi sai ya ce garuruwa yake zaɓa. Ba garuruwa ba ne, wuraren tsayawa yake ƙirƙira, gindin wannan bishiya, bakin wancan rafi, don kowace tsayawa buɗe murfi ce, kowace buɗe murfi kuma Merle ce.

To ga yadda aka yi ta rasu.

Ranar Litinin Athol ya wanke ta tas, ya cire ɗan toshin da ake tsiyaye ruwan ƙanƙara da shi ya ajiye a tagar kicin, ya kife ta a hanyar shiga da mota don ta sha iska. Talata da safe sai ga Raelene da mijinta Gavin, sun zo da tsaraba a kwali. Gavin, mutumin da ba ya iya barin motarsa a titi kada tsuntsu ya yi mata kashi, ya tarar da Shuɗiya ta tare masa hanya. Bai shigar da ita gareji ba, bai jingina ta da shinge ba. Ya ɗauke ta ya dire a kan ciyawar da ke tsakanin hanyar ƙafa da kwalta, kusa da tsohuwar katifar maƙwabciyarsu Dulcie da wata matacciyar talabijin. A makon shara! Yaron goye ma a garin nan ya san cewa a wannan mako, duk abin da ya taɓa ciyawar nan ya fita daga hannun mai shi. Ko matarka ka zaunar a wurin, sai wani ya tsaya ya duba ko tana da sauran amfani. Gavin a nan aka haife shi, rabin kujerun gidansa ma daga kan ciyawar mutane ya kwaso su.

Suna kicin ana shan shayi, Gavin na yage kwali yana wa'azi a kan sabuwar kula, fara sol, mai jona wa a wutar mota, sai Athol ya ji motar shara ta tsaya. Bai kawo komai a ransa ba. Sai ya ji muryar, ta taga, daga titi. Ƙiiiiiii. Babu ƙat. A madadinsa ƙarar injin matse tarkace ce.

Merle ta ɗago kai daga kofinta, fuskarta ta washe. "Mun tsaya ne, Athol?"

Da silifas ɗaya ya isa titi. Direban ya sauko, ya cire safar hannu, ya ce, "Yi haƙuri baba, a kan ciyawa muka same ta." Gaskiyarsa ce, kuma iyalan mamaciyar ba su riƙe ma'aikatan shara da komai ba, aikinsu suka yi.

Wanda aka riƙe shi ne wanda ya biyo baya da biskit a hannu yana cewa, "Haba mutumina, minti biyu fa kawai na ce in ajiye ta. Ai ga sabuwa can, ko ƙanƙara ba ta nema. Kuma ka ji ta? Shiru, ko motsi ba ta yi."

Ko motsi ba ta yi! Yana faɗa yana alfahari. Shekara nawa Gavin ya yi yana cewa kular nan abin kunya ce a bayan mota, Athol bai manta ba. Ko kuskure ne ko ganganci, wannan tsakaninsa da Mahaliccinsa, amma Athol ya tsane shi a wannan safiyar, kuma har yanzu da ake rubuta sanarwar nan tsanar ba ta huce ba.

Raelene ta dafa kafaɗarsa. "Baba, kula ce fa. Kwano ne da roba." Sannan ta fito da abin da ya kawo su tun farko. An kira ta daga gidan tsofaffin, ɗaki ya samu yanzu, mai taga ta wajen lambu, in ba a karɓa ba wani zai karɓa. "Tunda abin ya zo da haka, ko a haƙura da tafiyar? Mama ma ba za ta san an je ko ba a je ba."

"Ni zan sani," in ji Athol. Sauran abin da ke bakinsa ba na faɗa wa 'yar cikinka ba ne.

Washegari ya gwada sabuwar, don kada a ce ya yi mata rashin adalci. Ya zaunar da Merle a bayan gida, ya zuba shayi, ya ɗaga farin murfin. Ya buɗe kamar bakin kifi. Merle ta dube shi, ta gyara wuyan rigarta, ta ce, "Bawan Allah, ko ka ga mijina? Ya ce zai zo ya ɗauke ni."

Marigayiya ta rasu ta bar Athol da Merle, da tsohuwar motar da suka yi yawon duniya tare, wadda ita ma tari take yi da safe. Ta bar flas ɗin shayi, kujerun naɗewa biyu, da bargo mai ƙonewar taba a kusurwa. Daga jikinta ba a samu komai ba sai ɗan toshin nan da ya tsira a tagar kicin. Farar da ke cikin gareji ba 'yar'uwarta ba ce, ba magajiyarta ba ce, kada wanda ya zo gaisuwa ya yi wannan kuskuren.

Ana kuma ba Dulcie haƙuri, wadda ta buga ƙofa ranar Alhamis tana tambaya ko kyanwa ce ta maƙale a gareji. Ba kyanwa ba ce. Athol ne, tsoho ɗan shekara saba'in da wani abu, a tsaye gaban farar kula yana ɗaga murfi yana matse maƙogwaro, yana neman muryar da ya ji shekara arba'in bai taɓa sauraron yadda ake yin ta ba. Ya yi ta yi har muryarsa ta dishe. Jiya da yamma ya sake zaunar da Merle a bayan gida, ya juya mata baya don kada ta ga bakinsa, ya ɗaga murfin ya yi.

Kunya ta rufe shi. Can sai ta ce, "Ba haka take yi ba, Athol. Ka cika gaggawa. Ja shi."

Ya ja. Ta ce a miƙo madara. Bai juyo da wuri ba, don fuskarsa ba ta ganuwa a lokacin. Bai san sau nawa dabarar za ta ci ba, bai san ko gobe ma za ta ci ba, kuma wannan rashin sanin Gavin ne ya jawo masa.

Za a yi jana'iza kamar haka. Mota za ta tashi Asabar da safe, ɗaki mai tagar lambu ya jira ko ya tafi, oho. Za a binne toshin a gindin bishiyar bakin kogi da ke wajen Jeparit, inda aka fara buɗe murfin marigayiya. Masu rakiya mutum biyu ne, kuma kujeru biyu ne kawai a gaba. Raelene na iya kiran waya da yamma, za a ɗauka. Mijinta ya yi zamansa ya tsare motarsa daga tsuntsaye.

Duk wanda ya bi hanyar Minyip ko Rainbow cikin kakar nan, ya ga tsoho a gefen hanya yana buɗe farar kula yana ƙara kamar ƙofar da ba ta ga mai ba, kada ya yi dariya, kada ya kira motar asibiti. Ya rage gudu ya wuce, zaman makoki ake yi. Ba a karɓar furanni. Wanda ya ga lallai sai ya kawo wani abu, ya kawo alewar maƙogwaro.