Fitilar da ke Leƙo Katanga

Kulu tana da wata 'yar al'ada. Kowace safiya, kafin motar gidansu ta fita, sai ta naɗa bakin mayafinta a kan sandarta, ta ɗaga ta goge 'yar jar fitilar birki da ke can sama, a goshin ƙofar baya. Ba ta taɓa gilashi, ba ta taɓa lamba. Ita kaɗai take gogewa.

Motar ta ɗanta ce, Bilyaminu, mai jigilar albasa tsakanin Wurno da Goronyo. Idan ya kai kwanar masallaci yakan taɓa birki. Katangar gidan Alhaji da ke kwanar tana ɓoye fitilun ƙasa, ta saman ce kawai ke leƙowa. Idon Kulu ya yi rauni, amma tana ganin ja. Sallamarsu ke nan.

Bara Bilyaminu ya rasu wajen Marnona. Ranar motarsa tana gareji, ya hau kabu-kabu. Motar da ke gabansu ta tsaya, ba fitilar birki da ta kama a bayanta, suka afka mata.

Yanzu ɗansa Lawwali ke tuƙi. Shi da giyar mota yake rage gudu a wannan kwanar, bai taɓa sa ƙafa a birki ba. Kulu dai ba ta fasa tsayuwa bakin ƙofa ba. Ni maƙwabcinsu ne, dakalina yana kallon ƙofarsu. Ranar da nake magana, ta fito ta iske Lawwali tsaye a kan turmi a bayan mota, da sukundireba a hannu.

"...lahiya lau, tsohuwa," in ji shi. "Ashe kin kwana? Ni da nas sa a jiƙa geron gumbarki."

"Bar shi cikin ruwa ya tsira, ka shuka. Ni ba inda za ni. Mi kaka yi bisa turmina awa biri?"

"Aikin maza."

"To sauka a kira su."

"Haka aka gaida miji a garinku?"

"Mijin da bai san kuɗin gishiri ba? Tun da anka ɗaura muna aure kana cikin zanen goyo, ban ga ko goron ƙwarya daga hannunka ba. Mi kaka kwancewa?"

"Hitilag ga za ni ɗebewa."

Kulu ta sauke sandar a hankali. Mayafin yana naɗe a kanta.

"Wacce?"

"Wagga ta bisa. Na riga na zare wayatta daga ciki, kusa guda ta rage. Habibullahi mai walda za shi ƙara ma kariyar ɗora kaya tsawo, ƙarhen nan za shi zauna daidai inda take. Buhunnan da nika bari ƙasa, dut sai su hau."

"Kai da ko buhun ƙaiƙayi ba ka ɗagawa sai ka kira uwarka."

"Ni? Ni da nat tura motag ga daga Boyekai har Goronyo da hannu guda, ɗayan ina cin rake?"

"Na ji labari. An ce jaki yaj ja ku, kana ciki kana barci."

"Maƙiya na."

"Kuma in 'yan rod sefti sun tsai da ka?"

"Doka hitila biyu tas sani, na ƙasa, dama da hagu. Wagga ado ta, awa haƙorinki guda da yar rage. Ba shi tauna komi, yana dai tsaye a gani."

"Da shi za ni cizonka. Wa yag gaya ma doka biyu tas sani?"

"Kowa ya sani a tasha."

"Tasha! Inda kowa alƙali na in ya ƙoshi da shayi. Ni da kunnena na ji Sunday mai gyaran wuta yana gaya ma ubanka: abin da mota taz zo da shi daga masu ƙera ta, in ka ɗebe shi, wanda yat tsai da kai yana da abin hwaɗi, kai ba ka da."

"Sunday lauya na?"

"Kai al lauya? Kai da aka kai makaranta ta ƙohwa kana hita ta taga?"

"Ina zuwa zance wurinki na."

"Ka ga abin da yas same ka. To biyun na ƙasa da kaka taƙama da su, bari in gani." Ta zagaya tana taɓawa da sanda. "Wagga ta hagu, mi an nan?"

"Leda ta. Ja."

"Leda. Ta dama hwa?"

"Lahiya tai lau."

"Har ka ɗaura buhu bisa ta, ka ja igiya. Kullum ina gani. In ka hita da lodi, motag ga ba ta da baya, tulin albasa na ka tahiya bisa titi."

"Ke da ba ki ganin kaza sai ta yi kuka?"

"Ina ganin abin da nika so."

Lawwali ya juya ya sa sukundireba a kan kusar. Ya murɗa kaɗan, fitilar ta karkace.

"Kaka," ya ce, bai waiwayo ba, "kishiyarki Sa'adiya watan nan za ta sauka. Ragon suna ba da hitila aka sayensa ba."

"Ni na ce a yi suna? Ku raɗa mishi Albasa, ku yanka tattasai."

"In mace ta, sunanki za ni sa, in samu wadda za ni duka."

"In namiji na, ka san sunan da za a sa."

Wata akuya ta zo ta shinshina buhunan da ke jingine, babu wanda ya kore ta.

"Shi mai sunan," in ji Lawwali, murya ta sauka, "kullum ana shahe mishi hitila. Ba ta taɓa mutuwa kwana guda ba. Mi tay yi mai? Tasa na nan garau, shi yana ƙasa."

"Ba tasa ta kai shi ba."

"To kin gani."

"Rashin ta wani ta kai shi." Ta gyara tsayuwa a kan sandar. "Shi ma mai waccan motar jikan wata tsohuwa na. Wataƙila matatai na da ciki. Wataƙila mai walda yac ce mai akwai ƙarhen da za shi zauna wurin. Ban san shi ba, ban kuma zage shi ba. Na dai so in tambaye shi, da yana kwance hitilatai, kakatai tana ina."

"Ba ni son zancen ga da sahe."

"Kai kat tada shi. Ni tambaya guda gare ni, mijin banza. In kat taka birki wajen Marnona, wa ka bin ka baya?"

"Ina zan sani?"

"Ni ma ban sani ba. Ɗan wata na."

Lawwali ya share gumi da gefen riga. Ya dubi titi, ya dubi dakalina, na sunkuyar da kai ga igiyar da nake tufka.

"Kuma ki bar tsayuwa bakin ƙohwa kina kallon katangar Alhaji," ya ce. "Mutane na gani. Cewa suka yi kin zare."

"Su ce. Mijina nika rakiya. Shi dai ba shi da kunya, ba shi waiwaye, shan kwana yaka yi awa wanda yas saci tukunya."

"Birkin na nika tattali."

"Tattala. Ni ma idon nika tattali, kaɗan yar rage."

Ya daɗe yana kallon kusar. Can sai ya yi wata 'yar dariya ta hanci, irin wadda ba ta kai ido ba.

"Wallahi an cuce ni da auren ga. Kowa na da mata mai dahwa mai tuwo, ni tawa bi'ayo ta, mai tare motoci bisa titi."

"Sake ni mana."

"Wa za shi kwasa? Sai dai in haɗa ki da turmin ga in ba da kyauta."

Ya juya sukundireban ta ɗaya hannun, ya murɗa kusar ta koma, fitilar ta miƙe daidai. Ya sauko daga turmin, ya miƙa mata sukundireban da hannu biyu, har da rusunawa.

"Ga lehenki. Ki ɓoye, kar in sake ganin shi." Ya zaro wata ƙatuwar albasa daga bakin buhu ya ɗora mata. "Ga sadaki."

Ta kai hanci. "Ruɓaɓɓa ta."

"Daidai da amarya."

"Allah shi shirye ka. Habibullahi hwa?"

"Ya nemi wani wurin da za shi liƙa ƙarhenai."

Sai wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Dillalinsa ne daga Goronyo, har daga inda nake ina jin faɗansa. Lawwali ya shiga jefa buhuna, ya ɗaura na baya, ya ja igiya, suka rufe fitilun ƙasa kamar kullum. Kulu ta ɗaga sandarta ta goge ta saman, ta koma bakin ƙofa.

Da motar ta gifta gabana na hangi abu yana lilo ta cikin gilashin baya. Wayar fitilar ce da ya zare da farko. Na ɗaga hannu. Ni ba mai saurin baki ba ne; kafin sunansa ya fito, ya wuce.

A kwanar masallaci babu rami, babu akuya, babu kowa. Amma na ga motar ta rage gudu, gabanta ya ɗan duƙa, alamar an taka birki. Ta saki, ta sake duƙawa. Sannan ta sha kwana.

Saman katangar Alhaji ba abin da ya leƙo.

Kulu ta daɗe tana kallo, sukundireba a hannu ɗaya, albasa a ɗaya.

"Ɗan banza," ta ce a hankali. "Yau ma bai taka ba."

Ta juya ta shiga gida. Motar kuwa ta kama hanyar Marnona da lodinta, wayar tana lilo.